Kada Ka Raina Ƙofar da Aka Buɗe Maka

Mahaifinka ya shaida mini ranka a ɓace yake tun da manyan jami'o'in da ka sa wa rai suka yi shiru, sai wata ƙarama ce ta aiko tana so ka buga mata ƙwallon Amurka, ita kuma ta ɗauke maka kuɗin karatu. Ban ga laifinka ba. Kowane saurayi yana so a kira sunansa a filin da ya cika maƙil. Amma ka ba ni aron kunnenka, in ba ka labarin wanda ya riƙe irin gurbin da kake riƙewa, na mai sheƙawa a guje ya kuɓuce wa mai tsaronsa ya cafke ƙwallon da aka jefo masa. Sunansa ba baƙo ba ne a wurinka, Jerry Rice. Abin da nake zaton ba ka zauna ka auna ba shi ne hanyar da ya biyo.

An haife shi a 1962 a jihar Misisifi, ya tashi a Crawford, ƙauyen da ko a taswira sai an lalubo. Mahaifinsa birkila ne. Idan an yi hutun makaranta, shi da 'yan'uwansa suke yi masa aikin lebura a cikin zafin nan na kudancin Amurka: wani ya cillo bulo daga ƙasa, shi ya cafe a sama ya miƙa wa mahaifin. Mutane suna son su ce wannan ne ya gyara masa hannu. Ni ban cika yarda ba, domin yadda ake tarar bulo dabam, yadda ake tarar ƙwallo dabam. Abin da na tabbata aikin ya koya masa shi ne sammako, da tsayawa a kan aiki har sai an tashi, ko jiki yana so ko ba ya so.

Da ya gama sakandare, manyan jami'o'i ba su yi rububinsa ba. A 1981 ya tafi Mississippi Valley State da ke garin Itta Bena, ɗaya daga cikin makarantun da aka kafa wa baƙar fata a zamanin wariyar launi. Ba kuɗi, ba kayan horo na a zo a gani, talabijin ma ba ta cika leƙa su ba. A nan nake so ka nutsu, domin nan ne zuciyar maganata. Kocinsu, Archie Cooley, ya tsara wasansa a kan jifa: kusan duk lokacin da ƙwallo ta zo hannunsu sai a jefa ta sama, ba tare da an tsaya doguwar shawara ba. Ga kuma majefi mai hannu, Willie Totten. A lokacin nan manyan makarantu da yawa sun fi dogara ga a rungumi ƙwallo a kutsa da ita ta ƙasa, mai cafkewa sai ya yini a fili bai taɓa ta sau biyar ba, in ma an sa shi ke nan. Shi kuwa Rice, a 1983 ya cafke ƙwallo sau 102, har da 24 a wasa guda da jami'ar Southern. A 1984 sau 27 yana kai ta gidan maki. Ka ga ashe ƙaramar makarantar ta ba shi abin da babbar za ta iya hana shi, wato ƙwallo a hannu, mako bayan mako, har hannun ya saba, ido ya buɗe. Filin wasan makarantar yau sunan su biyun yake ɗauke da shi, Rice da Totten.

Kuma wanda zai gan ka zai gan ka. Bill Walsh, kocin 49ers na San Faransisko, yana ɗakin otal a Houston ana gobe wasa, ya kunna talabijin ya ga an ɗan nuno yaron nan daga Itta Bena. Bai manta ba. Da zaɓen sababbin 'yan wasa na 1985 ya zo, sai ya yi musaya da ƙungiyar New England don ya matso gaba, ya ɗauke shi a lamba ta 16. An riga an ɗauki masu cafkewa biyu kafin shi, Al Toon da Eddie Brown. Masu sharhi suna ta gunaguni, wai bai kara da manya ba, wai agogo bai nuna yana da gudun da ake nema ba.

Da farko kamar gaskiyarsu. Shekararsa ta fari ƙwallo ta yi ta suɓuce masa, irin wadda yaro ma zai riƙe, har magoya bayan ƙungiyarsa suka riƙa yi masa ihu. Hannun bai lalace ba. Kai ne ya cika. Tsarin Walsh na ƙidaya ne: taku kaza ka juya, kuma majefi yakan saki ƙwallo tun kafin ka waiwayo, don ya amince za ka kasance a inda aka ce. Wanda yake lissafin takunsa a zuci ba zai iya sa ido a kan ƙwallo ba. Maganin bai wuce maimaici ba, har ƙafa ta haddace abin da kai yake ƙirgawa. A watan Disamba na shekarar, a wasansu da Rams, ya cafke 10, ya ci yadi 241. Ina gaya maka wannan ne don ranar da taka za ta faɗi a gaban jama'a, kuma za ta faɗi. Ranar nan kada ka nemi wanda za ka ɗora wa laifi, kada kuma ka yanke wa kanka hukunci. Ka koma wurin kocinka ka tambaye shi inda ƙafarka ta kuskure.

Abin da ya fi burge ni da mutumin nan shi ne halinsa bayan ya samu. Da yawa suna aiki don su isa. In sun isa sai su miƙe ƙafa. Shi kuwa abokin wasansa Roger Craig ya kai shi wani tsauni a kusa da Redwood City, ya mai da hawansa a guje farillar kowane hutu, lokacin da ba mai kallo, ba mai tafi. A wurin atisaye, in ya cafke ƙwallo ba ya tsayawa sai ya kai ta ƙarshen fili, ko da ba wanda ya biyo shi. Sakamakon ka san shi. A 1987 yajin aiki ya gutsure kakar wasa, amma a wasa 12 ya ci sau 22 ta hanyar cafkewa. A Janairun 1989, a wasan ƙarshe na Super Bowl da Cincinnati, ya cafke 11, yadi 215, aka ba shi gwarzon wasan. Kofi uku ya ɗauka da San Faransisko, biyu da Joe Montana yana jefa masa, ɗaya da Steve Young. Yana da shekara 40, a Oakland, ya haura yadi 1,200 a kaka guda. Da ya ajiye bayan kaka 20, lissafinsa ya tsaya a cafkewa 1,549 da yadi 22,895.

Akwai wuri ɗaya da ba na so ka bi sawunsa. A wasan farko na 1997, da Tampa Bay, jijiyoyin gwiwarsa suka tsinke. Rauni ne da ke cin mutum kusan shekara. Shi sai ya matsa ya dawo a watan Disamba, ya cafke ƙwallo ya ci Denver, ya faɗo a kan gwiwar nan, ƙoƙonta ya tsage. Zuciyar da ta hau da shi tsauni ita ce ta hana shi jira. Jikinka amana ne, ɗana. Idan likita ya ce ka zauna, ka zauna. Idan ka ci karo ka ji kanka yana juyawa, ka faɗa nan take, kada ka ɓoye don tsoron a ba wani gurbinka. Wasan nan yana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma ita ba a yi mata ɗori.

Sannan ka riƙe karatunka da hannu biyu. Dubban samari ke fitowa daga jami'o'i kowace shekara, zaɓen sababbin 'yan wasa na gasar ƙwararru ta NFL kuwa zagaye bakwai ne, mutum ɗari biyu da hamsin da 'yan kai kawai ake kira, kuma yawancin waɗanda aka kira ba sa wuce 'yan shekaru. Totten kansa, da duk hannun nan nasa, ba a ɗauke shi a zaɓen ba. Daga baya ya koma makarantarsu ya zama koci. Ban faɗi haka don in karya maka gwiwa ba. Ina so ne in ƙwallo ta tsaya, kana da inda za ka dafa.

Saboda haka kafin ka ce a'a, ka je ka ga makarantar nan da idonka, kai da mahaifinka. Ka tambayi kocin sau nawa suke jefa ƙwallo a wasa, da mutum nawa ke gabanka a gurbin. Ka tambaya ko tallafin karatun zai ci gaba idan ka ji rauni, kuma a rubuta muku amsar a takarda. Ka nemi ganin malaman fannin da kake son karantawa, ka kuma bincika inda ake sallar Juma'a a garin. In kun dawo ka kira ni mu yi shawara. Ka gaida mahaifiyarka da ƙannenka.