Yadda Ake Zaɓar Wayar da Kyamarar Ribas Za Ta Sha Wuta a Mota

Kyamarar ribas 'yar na'ura ce da ake maƙalawa kusa da lambar mota ta baya, domin direba ya ga abin da ke bayansa a allo idan zai ja da baya. A Amurka doka ta wajabta ta a kan sababbin ƙananan motoci tun daga watan Mayun 2018, kuma dokar ta ce hoton ya bayyana cikin daƙiƙa biyu da sa giyar ribas. Motoci 'yan Kwatano da suka girmi wannan shekarar, irin su tsofaffin Corolla da Camry da Accord da Golf, da yawansu ba su zo da ita ba, sai dai mai mota ya saya a kasuwa ya kai wa mai gyaran waya ya ɗaura masa. Huda wurin zamanta da jan wayar hoto zuwa gaba aikin haƙuri ne kawai. Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen zaɓar wayar da za ta ba ta wuta.

Kafin a taɓa kowace waya, ana fara duba abin da kyamarar kanta take buƙata. Akasarin na kasuwa bolt 12 suke sha, kuma cinsu kaɗan ne, bai kai rabin amfiya ba, ko da masu ƙananan fitilun dare ne. Wayoyi biyu ne na wuta a jikinta: ja ita ce mai kawo wuta, baƙa kuma ana ɗaure ta a jikin ƙarfen mota. Ta uku, mai kai rawaya, hoto take ɗauka zuwa allo. A jikin doguwar wayar hoton yawanci akwai wata siririyar jar waya da ta leƙo a kowane ƙarshe. Aikinta shi ne ta sanar da allon gaba cewa an sa ribas, don ya bar rediyo ko taswira ya koma nuna baya. Ba wa kyamara wuta daban, sanar da allo daban. Waya ɗaya tana iya yin duka biyun, amma ba dole ba ne, kuma duk wanda ya riƙe wannan bambancin sauran aikin zai zo masa da sauƙi.

Akwai wurare biyu da bolt 12 ba ya aiki. Kyamarorin da kamfani ya ɗaura tun asali a wasu motocin Toyota da Honda kusan bolt 6 suke sha, kuma daga rediyon motar wutar take zuwa. Idan aka cire rediyon aka sa babban allo mai Android, sannan aka jona tsohuwar kyamarar kai tsaye da bolt 12, ƙonewa take yi. Sai an sa 'yar na'urar rage wuta a tsakani. Manyan motoci kuwa, irin su tirela da tifa na DAF da MAN, bolt 24 ne a jikinsu. Su ko dai a nemi kyamarar da aka rubuta tana ɗaukar 12 zuwa 24, ko a sa mai rage wuta.

Zaɓi na farko, kuma wanda ya wadatar a yawancin tsofaffin motoci, shi ne wayar fitilar ribas. Tana nan kusa da kyamarar, ba ta samun wuta sai an sa giyar baya, kuma tana da fis nata tun daga kamfani. Ƙwan ribas yawanci wat 16 ne ko wat 21. Mai wat 21 yana jan amfiya 1.75 a bolt 12, saboda haka ɗan abin da kyamara za ta ƙara bai isa ya dami layin ba.

Gano wayar yana buƙatar mutum biyu da mita mai auna wuta. Ana jan birkin hannu, a sa dutse ko katako a ƙarƙashin taya, a murɗa makulli har fitilun gaban direba su kama ba tare da an tayar da inji ba. Ana buɗe but, a cire murfin da ya rufe bayan fitila, a nemo soket ɗin farin ƙwan. Baƙin tsinken mita yana jikin ƙarfe, jan kuma yana taɓa wayoyin soket ɗaya bayan ɗaya, yayin da wanda ke gaba yake sa ribas yana cirewa. Wayar da ta nuna kusan bolt 12 a ribas, ta faɗi zuwa sifiri da an cire, ita ce ake nema. Sai a taka birki, a kunna sigina da ƙananan fitilu, a tabbata ba ta motsa ba. Launin waya ba abin dogaro ba ne, domin kowane kamfani da nasa tsarin, kuma motar da ta bi hannun masu gyara da yawa ba a rasa ta da wayoyin da aka sauya. Mita ta fi fitilar gwaji aminci a motocin zamani, saboda fitilar tana jan wutar da ka iya lalata ƙwaƙwalwar mota idan ta taɓa layin saƙo. Wayoyi biyu da aka murɗe su tare kamar igiya galibi na saƙon kwamfuta ne, masu rigar rawaya da soket rawaya kuma na jakar iska ne. Duka ba a taɓa su.

Idan an sami wayar, sai a kashe makulli, a feƙe rigarta kaɗan ba tare da an yanke ta ba, a naɗa jar wayar kyamara tare da siririyar wayar sanarwa a kai, a liƙe da dalma, a rufe. Ɗaya ƙarshen siririyar wayar yana zuwa bayan rediyo, inda akwai wayar da aka yi wa alamar ribas. Murɗa waya da hannu a naɗe da tef shi ne abin da aka saba gani a gareji, kuma shi ne yake kwancewa da zafin bazara, ruwan damina ya shiga ya sa tsatsa. Robar da ke tsukewa idan ta ji zafi ta fi tef nesa ba kusa ba.

Wannan hanya tana da aibi biyu. Na farko ƙarami ne: kyamarar tana farawa daga mace duk lokacin da aka sa ribas, don haka hoton kan ɗan yi jinkiri. A kyamara mai waya jinkirin ba ya kai a damu. A marar waya, wadda sai na'urar aikawa da ta karɓa sun gano juna, yana iya tsawaita har direba ya fara motsi allo na baƙi.

Na biyun ya fi nauyi, kuma ya fi shafar motocin Jamus irin su Volkswagen da Audi da BMW da Mercedes na shekarun baya-bayan nan. A cikinsu kwamfuta ce take kunna fitila, kuma ba ta sakin wutar a miƙe. Yankawa take tana saki da sauri sosai, don ƙwan ya sami abin da ya dace da shi ko da wutar motar ta hau, sannan tana auna abin da ƙwan ya ja don ta san ko ya mutu. Ƙwan fitila bai damu da wannan ba, domin zarensa ba ya hucewa a tsakanin yanka da yanka. Kyamara kuwa tana damuwa. Alamar a bayyane take: injin na kashe hoto tas, da an tayar sai layuka su riƙa gudu a allo, ko hoton ya dinga ɗaukewa yana dawowa. Wani lokaci motar ma takan nuna alamar mutuwar ƙwai. Mutane da yawa kan mayar da kyamara shago suna cewa jabu ce, alhali lafiyarta ƙalau.

Maganinsa rile, wato makunnin da ƙaramar wuta take ja ya saki babba. Ƙafafunsa huɗu suna da lambobi da aka sani ko'ina. Lamba 86 tana zuwa wayar fitilar ribas, 85 tana zuwa jikin ƙarfe, 30 tana karɓar wuta mai tsabta da aka jawo ta cikin fis, 87 kuma tana kai ta ga kyamara. Ta haka fitilar ribas umarni kawai take bayarwa, abincin kyamarar daga wani wuri yake zuwa. Ana kuma sayar da ƙaramin mataci da ake sawa a kan layin don ya daidaita wutar. Ya fi sauƙin ɗaurawa, kuma sau da yawa ya isa, sai dai rile ya fi tabbas.

Zaɓi na biyu shi ne wutar da ke zuwa idan an murɗa makulli, wadda aka rubuta wa ACC, irin wadda take ba rediyo da ramin caja. Da ita kyamara tana kunne muddin mota na kunne, hoto yana fitowa nan take, kuma mai jan tirela ko mai ɗaukar kaya a baya yana iya duba su yana cikin tafiya idan allonsa ya yarda da haka. Ana ɗaukar wutar a akwatin fis da ɗan soket na musamman da ke shiga gurbin wani fis ya fitar da sabon layi mai fis nasa, na amfiya 1 zuwa 3. Ana zaɓar gurbin rediyo ko na caja, ba na birki ko jakar iska ko inji ba. Kuɗin wannan hanya shi ne jan ƙarin waya daga gaba zuwa baya, da kuma cewa kyamara mai araha da ke kunne sa'o'i a rana tana ɗumi kuma ta fi saurin gajiya. Abin kiyayewa a nan: wutar makulli da wayar fitilar ribas kada su haɗu a waya ɗaya. Idan suka haɗu, wuta za ta koma ta baya, fitilun ribas su kama su ƙi mutuwa, allo kuma ya maƙale a kan hoton baya. Wasu allunan suna da wayar ba kyamara wuta a jikinsu. In akwai ta, ita ce mafi dacewa, bayan an auna an ga bolt nawa take fitarwa.

Zaɓi na uku, jonawa da batir kai tsaye ko da layin da ba ya mutuwa, ba a yin sa sai ta cikin rile. Lissafin gajere ne. Kyamarar da ke jan amfiya 0.2 tana cinye amfiya-awa 4.8 a kwana ɗaya, fiye da 33 a mako, wato sama da rabin batir mai amfiya-awa 60. Motar da aka ajiye aka tafi hutun Sallah tana iya ƙin tashi idan an dawo. Duk wayar da ta fito daga batir kuma fis ɗinta yana zama kusa da kan batir, don kada ta goge a jikin ƙarfe ta tayar da gobara.

Baƙar waya ba ta kasa ja muhimmanci ba. Ana ɗaure ta a ƙarƙashin noti da ke cikin gangar jikin mota, bayan an kankare fenti da tsatsa har ƙarfe ya yi fari. Murfin but ba wuri ne mai kyau ba, saboda ta hinji kawai yake haɗe da jiki. Layukan da ke ƙaruwa a allo idan an taka totur yawanci daga baƙar wayar da ba ta ɗauru da kyau ba suke, ko daga wayar hoto da aka shimfiɗa gefe da gefe da manyan wayoyin wuta.

Gwaji yana zuwa kafin a mayar da murafu. Ana gwadawa injin na kashe, lokacin da lafiyayyen batir yake nuna kusan bolt 12.6, sannan a tayar, wutar ta hau zuwa wajen 14, a sake gwadawa da fitilu da na'urar sanyaya mota a kunne da ƙafa a kan birki. Ana buɗe but a rufe sau da dama ana kallon allo, don a ga ko wayar da ta bi ta robar hinji tana matsewa. Daga ƙarshe a zare makulli, a auna jar wayar kyamara, mita ta nuna sifiri.