Amsoshin Tambayoyinku: Mabuɗi ɗaya zai ishi kwamfutoci 40?

TAMBAYA: Ni ce ke kula da sayayya a wani asibitin kuɗi. Muna da kwamfutoci 40, wasu sababbi muka saya, wasu na gwanjo, kusan duk Windows 10 ke kansu. Wani mai gyara ya ce zai sayar mana da mabuɗi ɗaya da zai buɗe Windows 11 da Office a kan dukansu, a kuɗi kaɗan. Ya ce lasisin sari ne irin na manyan kamfanoni. Mu saya? In ba haka ba, ta ina za mu bi?

AMSA: Kada ku saya. Lasisin sari gaskiya ne, akwai shi, amma ba a hannun mai gyara ake samunsa ba, kuma mabuɗi shi kaɗai ba lasisi ba ne. Wanda ya riƙe makullin gida zai iya buɗe ƙofa, amma mai takardar gida shi ne mai gida. Lasisi yarjejeniya ce tsakanin Microsoft da ma'aikata, da sunan ma'aikatar a rubuce da adadin abin da ta biya. Irin mabuɗin da aka yi muku tayi, wanda ake kira MAK, yana buɗe adadin kwamfutocin da aka ƙayyade masa, kuma wata ma'aikata aka ba wa shi. Ranar da adadin ya cika ko aka toshe shi, ba ku da wanda za ku kai wa ƙara, domin babu sunanku a ko'ina. Ɗaya hanyar kuma, KMS, an yi ta ne don ma'aikata ta kafa tata sabar a cikin gida, kwamfutoci su riƙa komawa gare ta kafin kwana 180 su cika. Idan sabar ta wani baƙo ce a intanet, to kwamfutocin da ke ɗauke da bayanan marasa lafiyarku ne ke kai masa gaisuwa a kai a kai. Wannan ya fi maganar kuɗi damuna.

Kafin ku kashe ko kwabo, a zauna a ƙirga abin da kuke da shi, don mai yiwuwa kun riga kun mallaki fiye da yadda kuke zato. A bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya, a buɗe tagar umarni a rubuta slmgr /dlv. Ƙaramin allo zai fito, a cikinsa akwai layin da ke faɗin asalin lasisin. In an ga OEM, lasisin tare da kwamfutar ya zo daga masana'anta, naku ne muddin na'urar tana raye, amma ba ya ƙaura zuwa wata. In an ga RETAIL, galibi saye aka yi daban. In kuwa aka ga VOLUME alhali asibitinku bai taɓa ƙulla yarjejeniya da kowa ba, wannan kwamfutar a ware ta, akwai gyara. A rubuta kuma ko Home ce ko Pro. Kada a raina na gwanjon nan: da yawansu daga ofisoshi suka fito, kuma tun zamanin Windows 8 masana'antu ke dasa mabuɗin a cikin na'urar kanta, ba a jikin sitika ba. Sau da yawa ana sake loda Windows mai tsabta sai ta buɗe da kanta.

Dalilin wannan ƙirga shi ne abin da masu tallan ba su cika faɗi ba. Windows da ake sayarwa a tsarin sari ta ɗaukakawa ce kawai, ba cikakken lasisi ba. Dole a sami halattacciyar Windows a ƙasa, kuma ga ma'aikatar kasuwanci irin taku sai ta kasance Pro. Kwamfutar da ba ta da lasisi tun asali, ko mai Home, sai an fara daidaita ta. Makarantu ne aka sassauta wa a kan Home.

Ga labari mai daɗi kuma: duk kwamfutar da ke da halattacciyar Windows 10 Pro tana hawa Windows 11 Pro kyauta, in dai ƙarfinta ya kai. Ana bukatar guntun tsaro na TPM 2.0, ƙwaƙwalwar aiki ta gigabait 4, ma'ajiya ta gigabait 64, da injin sarrafawa wanda a ɓangaren Intel galibi daga zubi na 8 ne zuwa sama. Manhajar PC Health Check za ta gaya muku cikin minti ɗaya. Waɗanda suka gaza su ne matsalar, domin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Akwai ƙarin wa'adi na facin tsaro da ake saya, dala 61 kan kowace kwamfuta a shekarar farko, yana ninkawa kowace shekara, iyakarsa shekara 3, kuma wanda ya shigo a makare sai ya biya na baya. A ganina wannan na kwamfutar da ba za a iya taɓawa ba ce, misali wadda ke haɗe da na'urar gwaji a ɗakin awo. Sauran, gara a tara kuɗin a canza su sannu a hankali.

Sai Office, inda ainihin sayayyar take. Babbar yarjejeniyar Enterprise Agreement ba taku ba ce, ta ma'aikatu masu ɗaruruwan kwamfutoci ce. Tsohon tsarin Open License kuma an rufe shi tun farkon 2022, don haka duk mai yi muku tallansa yanzu a yi hattara da shi. Abin da ya rage muku shi ne saye ta hannun dillalin da Microsoft ya amince da shi a tsarin CSP, ko Open Value, yarjejeniyar shekara 3 da ke farawa daga lasisi 5.

Zaɓi biyu ne a gabanku. Microsoft 365 biyan wata ko na shekara ne, kan mutum ake lissafa shi, kowane ma'aikaci yana iya sa shi a kwamfuta har 5, kuma sabon zubi yana zuwa ba ƙarin kuɗi. Sai dai yana son ya ga intanet aƙalla sau ɗaya cikin kwana 30, kuma tunda farashin yana bin dala, kasafin baɗi zai iya bambanta da na bana. Office LTSC 2024 kuwa saye ɗaya ne, kan na'ura ake lissafa shi, tallafinsa zai kai Oktoban 2029, amma ba ya ba ku zubi na gaba sai kun haɗa da Software Assurance, wanda ta Open Value ake samu. A asibiti, inda ma'aikatan jinya uku ke karɓa-karɓa a kan kwamfuta ɗaya, lissafin na'ura ya fi sauƙi. Shugabanni da akanta da masu yawo da laftof su ne suka dace da biyan shekara. Ba laifi a gauraya. Kwamfutar da rasit kawai take bugawa ma LibreOffice ya ishe ta, kyauta ne kuma halal. Office 2016 da 2019 su ma tallafinsu ya ƙare a rana ɗaya da Windows 10, a sa su cikin ƙirgar.

Ranar saye, ki tsaya kai da fata a buɗe asusun da sunan asibitin da adireshin imel na asibitin, ba na dillali ko na yaron da ke muku gyara ba. Ki shiga shafin gudanarwa na Microsoft 365 da kanki ki ga lasisin da adadinsu kafin a kammala biya, kuma mutum biyu na cikin gida su riƙe kalmar sirri. In biyan shekara kuka ɗauka, kwana 7 kacal gare ku na rage adadi ko sokewa, bayan nan sai wa'adi ya cika, don haka ku fara da adadin da kuka tabbatar. Ƙari ana iya yinsa kowane lokaci.