Darasi a kan Gyaran Akwatin Feshin Yashi

Darasinmu na wannan fitowa a kan akwatin nan ne na kankare tsatsa, wanda ake kira akwatin feshin yashi. Masu sayar da tsofaffin kayan mota da na babur, irin na Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, sun san tazarar kuɗin da ke tsakanin ƙarfen da tsatsa ta rufe da wanda aka fito da shi fes. Burushin waya da samfefa suna yi, amma ba su shiga lungu, kuma sai yaro ya yini a kan wili ɗaya. Shi ya sa wasu ke sayen wannan akwati su kafa a zaure ko a bayan gida.

Ga wanda bai taɓa gani ba, akwatin ƙarfe ne mai tagar gilashi, da kafa biyu masu dogayen safar hannu na roba a manne. Gindinsa kamar mazurari yake, nan abin feshin ke taruwa, wanda za mu riƙa kira tsaki. A ciki akwai bindiga mai tiyo biyu, ɗaya na kawo iska daga kwamfuresa, ɗaya na zuƙo tsaki. Iskar ce ke jan tsakin ta watsa shi a kan ƙarfe da ƙarfi, ya kankare tsatsa da fenti, ya faɗa gindi, a sake zuƙo shi. Dabarar tsohuwa ce. Wani Ba'amurke, Benjamin Tilghman, shi ya yi mata rajista a shekarar 1870.

To, kukan da ake yawan yi shi ne, an sayi akwati, an yi mako guda, ba ya ci. Ya fesa kaɗan ya tsaya, ya yi tari, ƙura ta turnuƙe har mutum bai ganin hannunsa. Sai a ce dillali ya yi cuta. Galibi ba cuta ba ce. Mai arahar nan da ke zuwa a kwali rabin aiki ne, kai za ka ƙarasa. Kuma ku riƙe wannan: akwatin shi ne mafi arha a cikin sha'anin. Iska ce ke aikin, nan kuɗin yake.

Mu fara da lissafin iska, don nan mafi yawa ke faɗuwa. A cikin bindiga akwai wata 'yar ƙofa da iska ke bi kafin ta haɗu da tsaki. In faɗinta milimita 3 ne, geji kuma yana kan ba 6 (watau wajen 87 a ma'aunin masu faci), tana shan iska kusan lita 600 a minti ɗaya. In milimita 2 ce, wajen lita 250. Ku lura, ba a rage rabin faɗin ba, amma shan iskar ya ragu fiye da rabi. Haka abin yake: in ka ninka faɗin ƙofa sau 2, shan iska ya ninku sau 4. Shi kuwa kwamfuresa, kowane ƙarfin doki ɗaya na gaskiya yana ba da wajen lita 100 a minti. Ke nan ƙaramin nan mai doki 2 da masu fenti ke yawo da shi, iyakarsa lita 200, in ma ya kai. Bindiga mai milimita 3 sai doki 5 zuwa 6.

Mai saye yakan dubi girman tanki ya ce wannan babba ne. Tanki rumbu ne, ba gona ba. Tanki mai lita 50, in ya sauko daga ba 8 zuwa 6, iska lita 100 kurum ya bayar, bindigar nan kuwa ta shanye ta cikin daƙiƙa 10. Daga nan sai abin da injin ke iya turawa. Haka kuma lambar da ake rubutawa a jikin kwali, sau da yawa ta iskar da injin ke shaƙa ce, abin da ke fitowa bai kai haka ba.

Saboda haka gyara na fari ba ya cin kuɗi: in injinka ƙarami ne, sa ƙaramar ƙofar iska, da nozul daidai da ita. Ƙa'idar ita ce ramin nozul ya yi kamar ninki biyu na ƙofar iska. Feshi siriri mai ɗorewa ya fi mai faɗi da ke mutuwa kowane rabin minti. Sa'an nan a dubi tiyo. Siririn nan mai murɗe-murɗe yana shaƙe iska, a sa mai faɗin ciki milimita 10 ko fiye, gajere, a rage yawan mahaɗa. Nozul na tangaran da ke zuwa da akwati yana cinyewa da wuri, ramin ya buɗe ya karkace, feshin ya watse ba ƙarfi. A riƙa gwada shi da tsinken dirila, in ya buɗe a canza. Akwai na kabaid, ya fi tsada, amma yana binne na tangaran da yawa kafin ya gaji.

Sai ruwa. Iska in an matse ta zafi take yi, in ta huce sai ta zubar da ruwan da ke cikinta. Da damina abin ya fi muni. Ruwan nan in ya kai bindiga, tsaki ya jiƙe ya dunƙule kamar garin da aka yayyafa wa ruwa, tiyo ya toshe. Mutane kan sayi matatar ruwa su ɗaura a bakin kwamfuresa, su ga ba ta kama komai, su ce jabu ce. Ba jabu ba ce, wurin ne ba daidai ba, don a nan iskar da zafinta, ruwan tururi ne tukuna. A ja bututun ƙarfe ko na jan ƙarfe mita 6 zuwa 8 a jikin bango, a ɗan karkata shi, a sa famfon tsiyayarwa a inda ya fi gangara, matata kuwa ta zauna a ƙarshe kusa da akwati. Kada a yi wannan da farin bututun roba na ruwa, in ya fashe da iska tarwatsewa yake yi kamar kwalba. Kuma kullum in an tashi aiki a kwance bawul ɗin gindin tanki. Tankin da ruwa ke kwana a cikinsa daga ciki yake ruɓewa.

Tarin da bindiga ke yi kuwa, yawanci daga wajen zuƙo tsaki ne. Akwatin yakan zo da wani bututu da ake cusawa cikin tulin tsaki. Wani lokaci ya zuƙo da yawa ya shaƙe, wani lokaci ya haƙa rami ya zauna yana zuƙar iska. Gyaran da ya fi kowane canza akwati shi ne a cire bututun nan, a ɗauki tsaki daga can gindin mazurari. Mai walda ko mai aikin famfo zai haɗa maka: mahaɗar bututu mai baki uku a ƙasan mazurari, tsaki na zubowa ta sama, tiyon bindiga a gefe ɗaya, ɗaya gefen a sa ɗan bawul na shigar iska. Kana fesawa kana buɗe bawul ɗin kaɗan-kaɗan har ƙarar ta daidaita. Abin da ake so iska mai yawa, tsaki kaɗan, har da ƙyar ake ganinsa yana fita. Sabon shiga yana zaton yawan tsaki shi ne ci, alhali cunkoso ne, ƙwayoyin na bugun juna suna rasa gudu. Wata riba kuma, ba sai ka juye buhu guda ba, mudu ɗaya ko biyu ya isa ya yi ta zagayawa. In da hali a sa feda ta ƙafa maimakon kunamar bindiga, don kunamar da wuri ƙura ke kashe ta, hannu kuma ya huta.

Gani ba wuya. Fitilar LED a waje bisa rufin akwati, a yanka taga a sa gilashi tsakani. Gilashin gaba kuwa a manna masa farar leda mai kauri daga ciki, in ta dushe a ɓare a sa wata. Da hunturu za ka ji akwati na ɗan jan hannu kamar lantarki, gogayyar tsaki ce da busasshiyar iska. A ɗaura waya daga jikin akwati zuwa rodin da aka kafa a ƙasa.

Yanzu ƙura, kuma a nan muke so ku natsu. Akwatin da ake tura wa ɗaruruwan lita na iska a minti, tilas iskar ta nemi hanyar fita, in ba ka yi mata ba ta bi kowace tsaga da ƙurarta. Da fari a bi duk mahaɗar kwanon da gam ɗin silikon, gara tun wajen haɗawa, a liƙa soso ko yankan tsohon tif a bakin ƙofa. Sa'an nan a huda kafa biyu a sama, nesa da juna. Ɗaya ta injin zuƙar ƙura, a tare gabanta da ɗan faranti daga ciki don kada ya kwashe tsaki mai kyau. Ɗayar ta shigar iska ce, ita ma da faranti. Tsakanin akwati da injin a sa bokiti mai murfi, tiyon shiga a karkace ta gefe, na fita a tsakiyar murfi, ƙura ta yi ta juyi kamar guguwa, mai nauyi ta faɗa ƙasa. Ba don haka ba, matatar injin ta toshe nan da nan, ƙurar ta ci motarsa. Alamar an dace ita ce ka ga safar hannu sun miƙe cikin akwati da kansu, ko da kana fesawa. Iskar da injin ke fitarwa a bi da ita waje, nesa da tsakar gida, da madafa, da wurin wasan yara.

Ko da yake sunansa akwatin yashi, yashi bai halatta a cikinsa ba. Mun san abin da za a ce: ga yashin rafi kyauta, me zai sa a sayi buhun waje? Yashi in ya bugi ƙarfe farfashewa yake ya zama ƙurar silika wadda ido bai gani. Ta shiga can ƙarshen huhu ta zauna, huhu ya yi ta yin tabo yana ƙandarewa. Likitoci na kiran ciwon silikosis. Ba shi da magani, yana iya ci gaba ko bayan an bar aikin, yana kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa. Ingila ta yi dokar hana feshi da yashi tun 1949. A Turkiyya samari masu fesa wa wandon jins yashi don ya koɗe sun kamu, wasu sun mutu da ƙuruciyarsu, har gwamnati ta hana aikin a 2009. Wanda zai tsaya gaban akwatin nan kuwa ba Alhaji ba ne, yaron shago ne, ɗan wani ne da aka ba ka amana. Ƙyalle ko bakin rawani ba ya tare wannan ƙura. Ko da tsaki mai kyau ake aiki, a sa takunkumi mai lamba N95 ko wanda ya fi shi, musamman wajen juye bokiti da tankaɗe. Tsohon fenti ma sau da yawa da dalma a ciki, kuma abin da ƙurar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba a manta ba. Rigar aiki ta kwana a wurin aiki, shara kuma a yayyafa ruwa kafin a yi.

Abin da za a zuba maimakon yashi ya danganta da kaya. Tsatsa mai kauri a kan baƙin ƙarfe, a nemi alminiyam oksaid ko ganet, ko garin kwalba na kamfani. Lambar da ke jikin buhu, in ta yi sama tsakin ya fi laushi: 36 gauraye ne mai kaushi, 60 zuwa 80 na aikin yau da kullum, 120 na gamawa. Kayan alminiyam kamar murfin injin babur, sai ƙwayar gilashi mai kama da gero, a sauke geji zuwa ba 3 ko 4, don ƙarfi da yawa fasa ta yake ta zama gari. Kada a haɗa tsakin da ya ci baƙin ƙarfe da aikin alminiyam, zai bar ɗigon tsatsa a jiki. A riƙa tankaɗe tsaki da rariya, ɓawon fenti guda ya isa ya toshe nozul. Giris da baƙin mai kuwa a wanke su kaya ya bushe kafin ya shiga.

Akwai kayan da ba a kusanta da feshi: boris, da cikin silinda, da duk inda baƙin mai ke bi. Ƙwaya kaɗan in ta maƙale a hanyar mai, ita za ta cinye injin bayan mai saye ya ɗaura, ya dawo maka da shi a kafaɗa. A toshe ramuka, a rufe zaren noti da tef. Ƙarfen da aka kankare kuma tsirara yake, da damina kafin gari ya waye ya yi ja, har shatin yatsa yana fitowa. A shafa jan fenti na ƙasa ko mai a ranar. Feshi yana tona tsagewar da tsatsa ta ɓoye. In ta fito a nuna wa mai saye a rage kuɗi, wili ko ƙarfen sitiyari mai tsaga ba abin rufewa da fenti ba ne.

In za ka karɓi aikin wasu, yi ciniki da lokacin da aikin zai ci, kada ka yi da ƙidayar kaya, don wili biyu masu kama ɗaya wani ya ninka wani wahala. Ka sa man janareta a lissafi, da tsakin da ke komawa ƙura, da nozul, da leda. Kwamfuresa wajen tashi yana jan wuta ninkin ba ninkin abin da yake ci in ya kama gudu, saboda haka janaretan da ya yi daidai a takarda yakan durƙusa.

Kai kuwa malam dillali, in an kawo maka na hannu, sa tocila a ciki ka rufe ƙofa ka duba inda haske ke fita. Ka hura safar hannu ka ga ko sun huje, ka tabbata ana samun nozul irin na bindigar a kasuwa. In kayan Amurka ne dubi farantin motar, nasu 110 zuwa 120 ne, namu 220 zuwa 240. Kuma kafin ka sallama, tambayi mai saye doki nawa ne kwamfuresansa. In ya ce 2, faɗa masa gaskiyar abin da zai samu tun kafin ka karɓi la'ada.