Me ya sa tafiyar Baba ta yi nauyi?

Wata baiwar Allah daga Ajingi ta rubuto cewa mahaifinta yakan daɗe kafin ya miƙe daga tabarma, takunsa ya gajarce, hannunsa na dama kuma yana karkarwa in yana zaune. A gida wasu na cewa tsufa ne, wasu na cewa sammu.

'Yar'uwa, waɗannan alamu sun fi kama da cutar da likita James Parkinson ya bayyana a Ingila a 1817, wadda ake kira da sunansa. Ƙarfin Baba yana nan. Abin da ya taɓu wani sashe ne can cikin ƙwaƙwalwa da ke tsara saurin motsi, kuma shi sashen koyo yake yi: duk motsin da ya biya buƙata, sinadarin dofamin yakan ƙarfafa hanyar jijiyar da ta haifar da shi. A 2016 masu bincike a Amurka sun zaburar da waɗannan hanyoyi daidai lokacin da ɓera ke motsi, suka koya masa ƙara sauri ko ragewa. Idan dofamin ya yi ƙaranci, kamar yadda yake faruwa a wannan cuta, ƙwaƙwalwa takan saba da guntun taku, har mutum ya ɗauka tafiyarsa daidai take.

Ku kai shi Babban Asibitin Gaya, ku nemi takardar zuwa wajen likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ku tafi da duk maganin da yake sha, domin wasu magungunan amai da na taɓin hankali suna kawo irin wannan nauyin jiki. In aka rubuta masa maganin lebodofa, a riƙa ba shi a kan lokaci, kamar rabin awa kafin abinci, kuma kada a yanke masa shi farat ɗaya.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne atisaye. Yadda gangar noma ke daidaita saran fartanya a wajen gayya, haka sauti daga waje ke taimakon mai wannan cuta. In ƙafarsa ta kafe a bakin ƙofa, kada ki ja shi. Ki ƙirga masa "ɗaya, biyu" da ƙarfi, ko ki ja layi a ƙasa ya tsallake. Kullum ya zaga tsakar gida da manyan taku, yana wurga hannuwa.

Amma in ɓarin jikinsa ya saki nan take, ko bakinsa ya karkace, wannan wata cuta ce daban. Ku garzaya da shi asibiti, kada ku jira gari ya waye.