Darasi: Tsadar Hatsi da Hukuncin Ɓoye Shi

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, hatsi sau ɗaya ake girbinsa a shekara. In tiya ta yi tsada da damana, manomi ba ya iya ƙaro ko zangarniya ɗaya kafin kaka, magidanci kuwa ba ya iya hana iyalinsa tuwo. Shi ya sa ɗan ƙaranci ke ɗaga farashi ƙwarai, kamar yadda muka gani a Maraɗi a 2005, bayan fari da farar ɗango na 2004.

Ɗan kasuwa ya lissafa kuɗin saye da na mota da na ajiya, ya ɗora ribarsa, wannan halal ne. Amma mai ɓoye abinci yana jiran yunwar jama'a, Manzon Allah (SAW) ya kira shi mai zunubi. Mu ji tsoron Allah, mu buɗe rumbuna.

Wallahu a'alam.