Yadda Haske Ke Tona Asirin Carbin Jabu

Carbi mai tsada shi ne na kahraman, wato ƙaron itace da ya daskare cikin ƙasa shekaru miliyoyi, kamar wanda ake samu a bakin Tekun Baltik. Tun da aka ƙago robar Bakelite a 1907, 'yan damfara ke kwaikwayonsa, mai saye ya yi hasarar kuɗinsa.

Malami na iya gwada wa yara dabarar da aka saba. A narka gishiri da yawa cikin ruwa, a jefa ƙwaya. Kahraman zai taso, Bakelite ya nutse. Amma sabon ƙaro, da waɗansu robobi marasa nauyi, su ma tasowa suke yi.

To, nan hasken leza ke da amfani. A 1928 wani masani Ba'indiye, C. V. Raman, ya gano cewa in haske ya bugi abu, ɗan kaɗan daga cikinsa yakan dawo da launi dabam, gwargwadon abin da aka yi shi da shi. Na'ura ta auna wannan canji, ta zana layi mai tudu da kwari. Zanen kahraman dabam, na roba dabam, kuma ba a fasa ƙwaya ko ɗaya ba.

Mu koya wa yara su gwada abu kafin su gaskata.