Yaushe Budurwar Kaza Take Fara Ƙwai?

A ƙasarmu ta Gwandu da Kalgo, da wuya ka shiga gida ba ka tarar da kaji suna kiwo a tsakar gida ba. Iyayenmu mata su ne masu wannan kiwo, da shi kuma suke kashe ƙananan bukatu. Ni kaina da kuɗin ƙwai mahaifiyata take saya mini sabulu da littattafan rubutu idan zan koma makaranta. Amma akwai wata asara da ake yi a gidaje da yawa. Mutum ya sha wahalar renon 'yan tsaki, ya tsare su daga shirwa da muzuru, amma da ya ga sun girma ba ƙwai, sai ya ce juya ce, ya kai kasuwa ko ya sa wuƙa. Sau da yawa kuwa saura 'yan makonni ne kawai.

Abu na farko shi ne lissafi. Kazar Hausa takan fara ƙwai tana da wata 6 zuwa 7, wani lokaci ma ta wuce haka. Kajin gidan gona, irin su Shika Brown da aka samar a Shika kusa da Zariya, suna farawa tun wajen wata 5, in sun sami cikakken abinci. Saboda haka kada mai kazar gida ya auna tasa da ta gidan gona. Ya kamata a rubuta ranar ƙyanƙyasa, don kada a riƙa ƙirga da ka.

Na biyu, kaza ba ta ɓoye shirinta. Malaminmu na aikin gona ya koya mana alamu. Zankonta zai ƙara girma ya yi ja wur. Za ta yawaita kyarkyara, tana leƙa lungu-lungu da ƙarƙashin rumbu. In ka miƙa hannu kanta, sai ta durƙusa maimakon ta gudu. Akwai kuma ƙasusuwa biyu kusa da mafitar ƙwai. Idan yatsu biyu suka shiga tsakaninsu, to, ta kusa. Da na je gida hutun da ya wuce na gwada wannan a kan kaji huɗu da ake shirin sayarwa. Uku sun nuna alama, na roƙa aka bar su. Kafin hutu ya ƙare biyu sun fara.

Na uku, abinci. Tsaba da dusa kaɗai ba su isa ba. Da damina kaza tana samun ƙwari da tsutsa da ɗanyen haki, amma da rani sai an taimaka mata da gara, ko ƙuliƙuli, ko garin busasshen kifi. Ɓawon ƙwai kuma yana bukatar sinadarin da ke cikin ƙashi, don haka a ƙona ƙashi a daka a zuba mata. Kada ruwa ya yanke, domin kusan kashi uku cikin huɗu na abin da ke cikin ƙwai ruwa ne. Zafin bazara na watan Maris da Afrilu yana rage musu cin abinci, ƙwai ya yi jinkiri, sai a nema musu inuwa.

Babban abokin gaba a lokacin jira shi ne annobar da take share kaji, musamman da hunturu, wadda likitocin dabbobi suke kira Niyukasul. Ba ta da magani, sai rigakafi. Ana yin maganin rigakafin a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, akwai ma irin wanda ake ɗigawa a ido. A nemi ma'aikacin dabbobi tun kafin iska ta taso, kuma kada a haɗa sabuwar kazar kasuwa da na gida nan take.

Wasu suna zaton sai da zakara kaza take ƙwai. Ba haka ba ne. Amfaninsa shi ne ƙwan ya ƙyanƙyashe. Haka kuma ƙwan fari yakan zo ƙarami, wani lokaci da ɓawo mai taushi, wannan ba ciwo ba ne. Kazar gida takan yi ƙwai 10 zuwa 15 ta hau kwanci, bayan kwana 21 ta fito da 'yan tsaki.

Hausawa sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Amma wanda ya yanka budurwar kaza a wata na biyar, ya ci nama rana ɗaya, ya rasa ƙwai da 'yan tsakin shekara. Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, mu da muka iya rubutu, mu riƙe wa iyayenmu lissafin kajinsu. Ku kuma iyaye, kafin ku kai kaza kasuwa, ku ƙirga watanninta, ku dubi zankonta.